Misirawa da 'yan Nepal a ƙasashen waje: wa ya fi samun rufin asiri?

Ɗan Fagge (Doha)

Assalamu alaikum jama'ar gida. Duk wanda ya yi aiki a ƙasashen Larabawan nan masu arzikin mai ya san al'umma biyu da ba a rasa su a kamfani: Misirawa da 'yan Nepal. Idan ka shiga ofis, akanta Bamisire ne, injiniya Bamisire ne, mandub ɗin da ke kai takardunka ma'aikatar gwamnati shi ma Bamisire ne. Idan ka fito cikin rana, mai ɗaurin rodi, mai gadin ƙofa, mai goge-goge, da yawansu 'yan Nepal ne. A nan Katar ana ƙiyasta 'yan Nepal sun haura 300,000. A Saudiyya ƙidayar 2022 ta nuna Misirawa kusan miliyan ɗaya da rabi, 'yan Nepal kuma kusan 300,000.

Mutanenmu suna kallon wannan su yanke hukunci cewa Bamisire ya fi ɗan Nepal wayo ko zuciyar nema. Ni ban yarda ba. Abin da na gani shi ne, an gama raba su tun kafin su hau jirgi. Ɗaya ya zo da Larabci a bakinsa da takardar jami'a a jakarsa. Ɗayan ya zo da bashin ejan a wuyansa, ga kwantiragi da aka rubuta da harshen da ba ya ji. Ina so masu zama a wasu ƙasashe su gaya mana ko haka abin yake a wajensu.

Malam Azhari

Wa alaikumus salam. Ɗan Fagge, Allah ya yi maka albarka da ka kawo zancen, amma ka kalli Misirawa ta taga ɗaya. Waɗanda kake gani a ofisoshin Doha su ne suka haye. Talakan Masar ba Doha yake zuwa ba. Yana gonakin Jodan yana tsinkar tumatir, yana Libiya yana aikin gini, ko yana cikin kwalekwale a teku.

Na yi karatu a Alƙahira, na shiga ƙauyukan Sa'id da Fayyum. Akwai wani gari a Fayyum, Tatun, da ya yi suna saboda yawan samarinsa da ke Milan. A 2022 Misirawa ne suka fi kowace ƙasa yawa cikin waɗanda suka isa Italiya ta ruwa, sun kai kimanin 20,000. A Satumban 2016 jirgin ruwa ya kife kusa da Rashid a gaɓar tekun Masar, mutum fiye da 200 suka rasu. Wanda ya nutse kusa da Pylos ta ƙasar Girka a Yunin 2023 ma akwai Misirawa da yawa a ciki. Mutum 21 da 'yan ISIS suka yanka a gaɓar Sirte ta Libiya, aka fitar da bidiyon a Fabrairun 2015, 20 daga cikinsu Kibɗawa ne, wato Kiristocin Masar, yawancinsu leburori daga lardin Minya, na 21 ɗin kuma ɗan Ghana ne. Waɗannan duka Misirawa ne masu ci-rani, amma ba sa shiga lissafin mai kallon ofis.

Ɗan Fagge (Doha)

Gaskiya ne Malam, Allah ya ƙara ilimi. Amma ai maganarka ta ƙarfafa tawa. Bamisiren da ba shi da takarda, ƙofar da ya bi ta fi ta ɗan Nepal haɗari. Ke nan ƙofa ce ke raba mutane.

Malam Azhari

Rabi ta ƙarfafa. Ka ce Larabci jari ne. Jari ne ga mai takarda. Ga lebura, jin Larabci ba ya hana kafili, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin bizarsa, riƙe masa albashi. Ka tambayi labarin Kuwait a 2020 lokacin korona, yadda dubban Misirawa da suka sayi iƙama, wato takardar izinin zama, daga hannun dillalai suka wayi gari ba aiki, aka tara su a makarantu da sansanoni suna jiran jirgin komawa gida. Sun biya kuɗi mai yawa don biza ta kamfanin da babu shi sai a takarda.

Alhaji Sabon Gari

Ni fa na yi kasuwanci a Dubai shekaru da dama, kuma zan faɗi abin da na gani ko ba zai yi daɗi ba. Ɗan Nepal ya fi Bamisire tara kuɗi. Mutum ne mai haƙuri, ba ya gardama, yana cin shinkafa da miyar wake kullum, ya tura duk abin da ya samu gida. Bamisire kuwa sai haya mai tsada, sai mota, sai makarantar kuɗi. Wata na ƙarewa aljihu ya ƙare. Hali ne kawai.

Maman Ilham (Jidda)

Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma wannan ba hali ba ne. Doka ce. Lebura ba shi da ikon kawo iyalinsa. A nan Saudiyya sana'ar da aka rubuta a iƙamarka ita ke nuna ko za a ba ka bizar iyali. A Katar kuma, Ɗan Fagge zai gyara mini, sai albashinka ya kai riyal 10,000, ko 6,000 idan kamfani ya ba ka gidan iyali. To wanda ke karɓar riyal 1,000 ina shi ina wannan? Ba ya biyan haya da kuɗin makaranta a nan saboda matarsa da 'ya'yansa suna can wani ƙauye a bayan garin Janakpur na Nepal, sai bayan shekara biyu yake ganinsu. Ban ga yadda za a kira wannan iya tattali ba.

Kuma Bamisiren da kake cewa yana ɓarnar kuɗi, ka san abin da yake biya? Tun Yulin 2017 aka sa haraji a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamar baƙo. An fara da riyal 100 a wata, yana hawa har ya kai 400 a 2020. Mai mata da 'ya'ya uku riyal 1,600 ke nan duk wata kafin a sa tukunya a wuta. A unguwarmu na ga iyalai Misirawa da suka haifi 'ya'yansu a nan, yaran ba su san Masar ba sai da hutu, suka tattara suka koma, aka bar maigida shi kaɗai a ɗaki guda da abokai. Na yi kuka ranar da maƙwabciyata ta tafi.

Alhaji Sabon Gari

Hajiya na ji. Amma maganar rashin gardama fa? Masu kamfani da kansu suna cewa sun fi son ɗan Nepal.

Ɗan Fagge (Doha)

Alhaji, dalilin da ya sa suke son sa shi ne abin da ke cin mini rai. Bari in faɗi yadda tafiyar take.

Yaro yana ƙauye a yankin Madhesh, kusa da iyakar Indiya. Ejan na ƙauye ya haɗa shi da kamfanin ɗaukar ma'aikata a Kathmandu. Tun 2015 gwamnatin Nepal ta yi doka cewa mai zuwa ƙasashen Gulf shida da Malesiya, mai ɗaukarsa aiki ne zai biya biza da tikiti, kamfanin dillanci kuma kada ya karɓi fiye da rufi 10,000, kuɗin Nepal. A takarda ke nan. Amnesty ta yi bincike a 2017 ta samu waɗanda ta zanta da su sun biya sama da rufi 100,000 a matsakaici. Abokan aikina da dama sun ce an karɓi kuɗi mai yawa a hannunsu, aka ba su rasit na 10,000, aka ce idan an tambaye su a filin jirgi su ce abin da suka biya ke nan.

Ina yaron ƙauye zai samo kuɗin? Wajen mai ba da bashi da ruwa, a jinginar da gona. Ruwan yakan kai kashi 36 cikin ɗari a shekara, wani lokaci ya wuce. Abin ya yi muni har mutanen Madhesh suka yi tattaki a ƙafa zuwa Kathmandu suna zanga-zanga, gwamnati ta mai da irin wannan bashi laifi a 2023.

To mutumin da gonar ubansa ke hannun mai bashi, idan an rage masa albashi ko an ƙara masa awa, zai buɗe baki? Idan aka yi masa tarhil, wato aka kore shi zuwa gida, a wata na biyar, gona ta tafi. Wannan ne haƙurin da Alhaji ya gani. Shekarar farko gaba ɗaya, wani lokaci har da rabin ta biyu, bashi yake yi wa aiki.

Albashi mafi ƙaranci a nan tun Maris 2021 riyal 1,000 ne, da 500 na masauki da 300 na abinci idan kamfani bai bayar ba. An kuma soke sharaɗin sai kafili ya sa hannu kafin ka canza aiki tun 2020. Gyara ne na gaske, na ga waɗanda suka amfana. Amma wanda ya iya karanta dokar da Larabci, ya iya tsayawa gaban jami'i ya yi bayani, shi ya fi cin moriyarta.

Ɗan Damagaram

Salamu alaikum. Ni aikina lissafi ne, ku bar ni in juya tambayar. Kuna auna mutum a inda yake aiki. Ku auna kuɗin a inda ya sauka.

Masar tana da mutum sama da miliyan 105. Kuɗin da 'yan ƙasarta suka turo gida a 2024 ya kusa dala biliyan 30. Nepal tana da kusan miliyan 30, nata kuma ya kai wajen dala biliyan 11 a 2023. Ku raba da yawan jama'a, za ku ga kason ɗan Nepal ya fi na Bamisire. A Nepal wannan kuɗi ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na dukkan abin da ƙasar ke samarwa a shekara. A Masar bai kai kashi 10 cikin ɗari ba.

Talauci a Nepal ya sauko daga kashi 42 a tsakiyar shekarun 1990 zuwa 25 a 2011, sannan 20 a 2023, duk da cewa sun ɗaga ma'aunin. A cikin wannan lokaci ƙasar ta yi yaƙin 'yan Mao daga 1996 zuwa 2006, ta yi girgizar ƙasa a Afrilun 2015 da ta kashe kusan mutum 9,000, gwamnatoci kuma suna ta faɗuwa. Babu masana'antar da ta yi wannan aiki. Gumin waɗannan leburori ne ya yi kaso mafi girma.

Sai maganar darajar kuɗi, wadda 'yan'uwanmu na Najeriya suka fi ni sani. Rufin Nepal a ɗaure yake da na Indiya, 1.6 kan 1, tun 1993. Yana sauka a hankali, ba ya faɗuwa dare ɗaya. Fam ɗin Masar kuwa a farkon 2022 dala ɗaya ba ta kai fam 16 ba. Ranar 6 ga Maris 2024 aka sake shi ya koma wajen 50. Hauhawar farashi ta kai kashi 38 a Satumban 2023. Injiniyan da ya yi shekara goma a Riyad yana zuba ajiyarsa a bankin Alƙahira da fam, kashi biyu cikin uku na darajarta a dala ya narke yana kallo.

Alhaji Sabon Gari

To ai mai karɓar riyal riba ya ci da fam ya faɗi.

Ɗan Damagaram

A kan albashin gobe, e. A kan ajiyar jiya, a'a, ranka ya daɗe. Shi ya sa a 2023 kuɗin da ke bi ta banki ya faɗo ƙasa da dala biliyan 20. Ba daina turawa suka yi ba, kasuwar bayan fage suka koma, inda dala ta kai wajen fam 70 a farkon 2024 alhali banki na biyan 31. Da aka daidaita farashin sai kuɗin ya dawo banki. Gwamnatin ma ta san inda dalar take: a 2022 ta ce ɗan ƙasa da ke waje ya shigo da mota ba kwastan idan ya ajiye kuɗin harajin da dala na shekara biyar, a mayar masa da fam. A 2023 ta ce wanda bai yi aikin soja na dole ba ya biya dala 5,000 a daidaita masa takardu.

Malam Azhari

Ɗan Damagaram ya taɓo inda nake so. Misirawa sun riga 'yan Nepal shiga Gulf da shekaru masu yawa, kuma ta babbar ƙofa suka shiga. Tun zamanin Nasir gwamnati ke tura malaman makaranta aro zuwa ƙasashen Larabawa da Afirka. Mu ma a Kano da Sakkwato da Maiduguri an ga malaman Azhar da likitocin Masar. Tsarin mulkin 1971 ya ba ɗan ƙasa 'yancin yin ƙaura, sai farashin mai ya tashi a 1973, sai Sadat ya buɗe ƙofa. Makarantu da kotuna da asibitocin Kuwait da Saudiyya da hannun Misirawa aka kafa su. Wanda ya zo yau yana da kawu ko ɗan unguwa a ciki.

Sai dai kujerar da Bamisire ke kai ita ce ɗan ƙasa yake so. Tun da aka fara tsarin Niɗaƙat a Saudiyya a 2011, ana ta ware wa 'yan ƙasa kaso a aikin akanta, kantin magani, injiniyanci, likitan haƙori. Babu ɗan Saudiyya da ke neman aikin ɗaurin rodi a watan Yuli. Don haka mai albashi mai tsoka shi ne kullum cikin fargaba. Ga kuma siyasa. Da aka yi rikici da Iraƙi a ƙarshen shekarun 1980, Misirawa sama da miliyan suna can, aka riƙa dawo da gawarwaki, kuɗin da suka tura ta bankunan Iraƙi kuma ya maƙale sai 2012 aka biya, bayan da yawa daga masu shi sun rasu. Da Masar ta shiga cikin masu yanke hulɗa da Katar a Yunin 2017, Ɗan Fagge shaida ne, jirgi kai tsaye zuwa Alƙahira ya tsaya har Janairun 2021.

Ɗan Fagge (Doha)

Shaida ne ni, Malam. Ta Kuwait ko Oman ko Jodan suke zagayawa.

Baban Sadik (Columbus)

Jama'a sannunku da ƙoƙari. Bari in kawo na Amurka, don a nan babu kafala, wato tsarin kafili, amma maganar ƙofa tana nan.

Misirawan farko da suka zo bayan dokar shige da fice ta 1965 masu digiri ne: likitoci, injiniyoyi, malaman jami'a. Irin su Farouk El-Baz da ya yi aiki a shirin Apollo na zuwa duniyar wata, da Ahmed Zewail da ya ci kyautar Nobel a 1999. 'Ya'yansu da jikokinsu a nan aka haife su. Idan aka ɗauki matsakaicin abin da gida ke samu, dole Misirawa su fi 'yan Nepal, waɗanda yawancinsu bayan shekarar 2000 suka zo. Cibiyar bincike ta Pew ta ƙiyasta 'yan Nepal kusan 200,000 a 2019, kuma suna cikin al'ummomin Asiya masu ƙarancin kuɗin shiga.

Amma ku je New York ku ga masu kekunan sayar da shinkafa da kaza a bakin titi. Misirawa ne da yawa, wasu da digirin lauya ko na akanta a akwati. Halal Guys da ta yi suna Misirawa ne suka fara ta da keke ɗaya a 1990, sai dai dubbai suna nan tsaye cikin sanyi ba su zama kamfani ba. A Nashville akwai Kibɗawa masu yawa da ke aikin otal da masana'antar kaji. Waɗannan da cacar biza suka zo, irin wadda aka cire Najeriya daga cikinta tun zagayen 2015. Masar da Nepal duka sun kasance cikin masu samun kaso mai yawa a cacar. Wanda ya zo ta wannan hanya, ko daga Asyut yake ko daga Pokhara, daga ƙasa yake farawa: gidan mai, Uber, sito, shagon gyaran farce.

Wani abu kuma da ke rikita lissafi. A nan Columbus akwai dubban masu jin harshen Nepal da ba 'yan Nepal ba ne. 'Yan Bhutan ne da aka kora a farkon shekarun 1990, suka yi kusan shekara ashirin a sansanonin gudun hijira a gabashin Nepal. Daga 2007 aka fara shirin kwashe su, sama da 100,000, Amurka ta ɗauki fiye da 90,000. Sun zo ba su da komai, tsofaffinsu ba su taɓa shiga aji ba. Wasu ƙididdigar sukan gauraya su da ɗaliban da suka zo daga Kathmandu karatun kwamfuta. Kuma na ga yadda suka yi: gida ɗaya mutum huɗu ko biyar suna aikin sito, a haɗa kuɗi a sayi gida, sannan a saya wa na gaba. A 2019 ɗaya daga cikinsu, Bhuwan Pyakurel, ya ci zaɓen kansila a Reynoldsburg nan kusa da mu. Idan ka duba kuɗin gida sai ka ga sun taso. Idan ka raba da yawan masu aikin, sai ka ga kowa ɗan kaɗan yake samu.

Tsohon Soja

Na yi aikin kiyaye zaman lafiya tare da sojojin Nepal, mutane ne masu tsari ƙwarai. Ina so in ƙara cewa su ma suna da tasu babbar ƙofar. Tun 1815 Ingila ke ɗaukar samarinsu aikin soja, su ake kira Gurkha. Duk shekara dubban samari ke gwaji, 'yan ɗaruruwa ake ɗauka, kuma gidan da ɗansu ya shiga ya rabu da talauci. Pokhara da Dharan da kuɗin fansho aka gina unguwanni. Amma ko su sai 2009 aka yarda waɗanda suka yi ritaya kafin 1997 su zauna a Ingila, bayan gwagwarmayar da 'yar wasan kwaikwayon Ingila Joanna Lumley ta shige gaba. Fanshonsu bai kai na Bature ba, har wasu suka yi yajin cin abinci a gaban ofishin Firaminista a 2021. A garin Aldershot na Ingila akwai tsofaffinsu da ke rayuwa da tallafin gwamnati.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne waɗanda suka faɗi gwajin. Wasunsu ne suka bi dillalai zuwa sojan Rasha, aka kashe su a Yukren, har Nepal ta dakatar da izinin aiki zuwa ƙasashen biyu a Janairun 2024.

Ɗan Zango (Kumasi)

Iyayena da yayyena, ni ƙaramin cikinku ne, ina karantawa ina ƙaruwa. Tambayata: idan ɗan Nepal yana shan wannan wahala a Gulf, me ya hana shi zuwa wani wuri?

Ɗan Damagaram

Suna zuwa, ƙanena, masu hali. Koriya ta Kudu tana ɗaukar su ta yarjejeniyar gwamnati da gwamnati da aka sa wa hannu a 2007. Babu ejan, jarrabawar harshen Koriya ake ci, albashi kuma ya ninka na Gulf sau da yawa. A Japan sun haura 200,000, ɗalibai da masu gidajen abinci. A Ostireliya ƙidayar 2021 ta samu sama da 120,000 da aka haifa a Nepal. Amma Koriya tana son wanda zai iya zama wata da watanni yana karatu ba ya nema, Ostireliya tana son wanda ubansa zai nuna kuɗi a banki. Na ƙasa da kowa kuma ko Gulf ba ya iya zuwa, Indiya yake tsallakawa da ƙafa, don yarjejeniyar 1950 ta bar iyakar a buɗe. Yana gadi a Delhi ko dako a tsaunuka, ba ya cikin rajistar kowa.

Maman Ilham (Jidda)

Ba wanda ya yi maganar mata. A 2017 Nepal ta hana mata zuwa aikatau a Gulf, wai don kare su. Ba su daina zuwa ba, ta Indiya ake bi da su. Wadda ta zo ta haka ba ta cikin rajista, idan ta mutu ko ta nakasa iyalinta ba su da haƙƙin diyya daga asusun walwalar ma'aikata. Gyaran kafala da Saudiyya ta yi a Maris 2021 ma bai haɗa da masu aikin gida ba. Mu da muke ganin 'yan'uwanmu mata da ejan ke kawowa daga Kano da Agadas mun san wannan labarin, ba sai an fassara mana ba.

Bamisiriya kuwa a nan yawanci malama ce, ko likita, ko nas, ko matar aure a gidan mijinta. Idan za a yi awo na gaskiya, a nan ne tazarar ta fi faɗi.

Alhaji Sabon Gari

To ni har yanzu ina kan cewa wanda ya koma gida da abin hannu shi ya ci riba. Ɗan Nepal yana komawa ya gina gidan siminti. Na ga hotuna a wayoyinsu.

Ɗan Fagge (Doha)

Yana ginawa, Alhaji, idan ya koma da lafiyarsa. Wannan ne ma'aunin da ban ji an ɗauka ba, kuma a wajena ya fi albashi.

Hukumar da ke kula da ma'aikatan waje a Nepal tana rubuta mutuwar sama da mutum 1,000 a shekara a 'yan shekarun nan, yawancinsu samari da aka gwada lafiyarsu kafin su tashi. Jaridar Guardian ta wallafa a Fabrairun 2021 cewa 'yan ƙasashe biyar na kudancin Asiya sama da 6,500 sun mutu a Katar cikin shekara goma, sama da 1,600 'yan Nepal ne. Adadin ya haɗa kowace irin mutuwa, ba ta wurin gini kaɗai ba, kuma hukumomin nan sun yi jayayya da yadda aka fassara shi. Amma abin da ba a jayayya a kai shi ne yadda ake rubuta takardar mutuwa: bugun zuciya, ko mutuwar Allah da Annabi, ba tare da an binciki gawa ba. Idan aka rubuta haka, kamfani ba ya biyan diyyar haɗarin aiki. Yaro ya yini cikin zafi, ya kwanta a Sana'iyya, unguwar masana'antu da leburori ke kwana, da asuba a tashe shi bai tashi ba.

Ga ciwon ƙoda. Likitocin Kathmandu sun daɗe suna cewa cikin masu zuwa wankin ƙoda akwai samari da yawa da suka dawo daga Gulf da Malesiya. Gidan simintin da ka gani a waya, wani lokaci shi ake sayarwa a yi jinya. Tun 2021 an hana aiki a waje a nan daga 10 na safe zuwa 3:30 na yamma, daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, kuma ya taimaka. Amma akanta bai taɓa buƙatar wannan doka ba.

Malam Azhari

A kan wannan ba ni da ja. Sai dai in ƙara cewa ƙasashen biyu suna biyan wani farashi a gida. Ƙungiyar likitocin Masar ta ce sama da likita 11,000 sun ajiye aikin gwamnati tsakanin 2019 da farkon 2022. Ana koyar da su da kuɗin talaka, su tafi Riyad da Landan. A Nepal kuma ƙidayar 2021 ta samu sama da mutum miliyan biyu ba sa ƙasar, gonakin tsaunuka sun koma saura. Samarin da suka fito titi a Satumban 2025 har gwamnatin Firaminista Oli ta faɗi, da yawansu 'ya'yan waɗannan ma'aikata ne, sun tashi ba uba a gida, kuma sun ga layin filin jirgi ne ke jiransu.

Ɗan Zango (Kumasi)

Yaya Ɗan Fagge, dalilin tambayata ke nan. Wani ejan ya ce zai kai ni Doha aikin gadi, in biya rabi yanzu, rabi a riƙa cira daga albashi. Ya ce kwantiragi sai na sauka zan gani.

Ɗan Fagge (Doha)

Kada ka ba shi ko sisi a haka, ƙanena. Dokar Katar ta hana a karɓi kuɗin ɗaukar aiki daga hannun ma'aikaci, kamfani ne ke biya. Ka ce ya ba ka sunan kamfanin da takardar tayin aiki mai ɗauke da albashi na asali daban, kuɗin abinci da masauki daban, da awannin aiki. Ka karɓi lambar biza ka duba ta da kanka a shafin ma'aikatar cikin gida ta Katar, ka tabbatar bizar aiki ce ba ta ziyara ba, kuma sana'ar da aka rubuta ita ce gadi. Ka tambaye shi lasisinsa na hukumar ƙwadago ta Ghana. Idan ya kawo takardun, ka turo mini ta akwatin sirri in karanta maka ɓangaren Larabcin, don idan aka je gaban hukuma shi ake bi.

Maman Ilham (Jidda)

Kuma ka ɗauki hoton fasfo ɗinka da duk takardar da ka sa wa hannu ka bar wa mahaifiyarka kwafi kafin ka tashi. Duk kuɗin da ka bayar, ko na gwajin asibiti ne, a rubuta maka adadin gaskiya a rasit, da shaidu biyu daga zango.